Sawun da Ruwa Bai Wanke Ba

Kafin hantsi ya ɗaga sosai, raguna tara sun mutu a garken mata na Kafin Baure. Manyan cikinsu ne kuwa, waɗanda ake nunawa da baki ana cewa su za su ci kasuwar Dutse kafin Babbar Sallah. Ga su nan a zube, ciki ya kumbura kamar salka, kumfa a baki. Ƙanana da ramammu suna gefe suna kuka, ko tari babu wanda ya yi a cikinsu.

Garken na matan gari ne. Kowace ta kawo ragonta, wata da ribar ƙuli-ƙuli, wata sai da ta sayar da kwanukan ɗakinta, aka haɗa su a bayan gari ana kiwatawa tare don abinci ya yi sauƙi. Mai zuba musu safe da yamma ita ce Ya Fanna, wata dattijuwa da aka auro daga wajen Haɗeja shekaru aru-aru, mijin ya mutu bai bar mata ɗa ba. Mutanen Kafin Baure kuwa, Allah ya shirye su, in abu ya yi daɗi 'yar gari ce, in ya ɓaci nan da nan a tuna 'yar Haɗeja ce.

Malam Mammadu mai bin sawu yana gona yana noman firi aka aika masa. Ya iso da sandarsa da tsohuwar ƙwaryar da yake kifewa a kan sawu don kada iska ko ƙafa su ɓata shi. Ya tarar har an fasa wa Ya Fanna goshi da dutse. Mai unguwa Abdurrahim ya janye ta cikin zaurensa, samari sun cika ƙofa, wani ma da galan ɗin fetur a hannu. Wadda muryarta ta fi ta kowa ita ce Iyatu, don ragonta ne mafi girma a cikin matattun.

"Guba ta ba su," in ji Iyatu. "Tun yaushe nake cewa idon matar nan ba na alheri ba ne."

Mai unguwa ya ja Mammadu gefe. "Malam Mammadu, na kira 'yan sandan Jahun, sun ce bayan la'asar suna tafe. In ba ka kawo mini wani ba, ita zan miƙa musu. Gara a kulle ta da a ƙona ta."

"Ranka ya daɗe, a hana kowa komawa garken," in ji Mammadu, ya wuce.

*

An tattake wurin kamar masussuka. Mammadu ya ja tsaki, don babu abin da ya tsana irin 'yan kallo, su zo su take shaida sannan su tsaya suna tambayarka me ka gano. Ya leƙa komin abincin. Sauran dusar a jiƙe take, ruwa ya kwanta a ƙasanta, tana wani wari mai hawa ka irin na makewayi.

Wanda aka fara raɗa masa shi ne Ɗan'inna mahauci, wai an gan shi da wuƙa tun ragunan suna shure-shure, yana tayinsu a wulaƙance. Mammadu ya bi tayar babur ɗinsa, ya ga ita ce ta hau kan sawun taron, ba taron ne ya hau kanta ba. Bayan kowa ya zo ke nan.

"Baba, ni ungulu ne, na yarda," in ji Ɗan'inna. "Amma ungulu ba ta kisa."

"Tafi abinka. In kuwa na ji naman nan a tukubarka, ni da kai ne."

A bayan danga, gefen da taron bai bi ba, ya sami abin da yake nema. Ga zoben gindin bokiti a kan yashi, ga sawun silifas na mace, na hagun an gyara maɗaurinsa da ƙusa, kan ƙusar yana barin ɗan rami duk inda aka taka. Mai shi ta zo da nauyi, ta koma sakayau. Ya kife ƙwaryarsa a kai.

*

Ya Fanna tana zaune a lungun zaure, ta dafe goshi da gefen mayafi. Ba ta kuka, kuma wannan ma samarin ƙofa sun mayar da shi shaida. Mammadu ya dubi ƙafarta. Takalmin roba ne rufaffe, babu ƙusa.

"Ya Fanna, ke kika jiƙa dusar?"

"Ban jiƙa ba, Malam. A bushe na zuba, na ɗauki tulu na tafi famfo, na tarar da layi. Da na dawo sun fara faɗuwa. Tun ranar da aka haɗa abincin nan Sharhabilu ya ja mini kunne, ya ce kada in kuskura ruwa ya taɓa shi."

Sharhabilu ɗan Mammadu ne, ɗan farinsa. Shi ya yi karatun aikin gona a birni, ya dawo babu aiki, ya tara matan, shi ke lissafin abincin ragunan, kuma makullin ɗakin ajiya yana hannunsa. Mammadu irin mutanen da ne, bai taɓa kama sunansa ba saboda kunyar ɗan fari. "Yaron nan" yake cewa, alhali yaron har ya ajiye iyali. Amma duk gari an san yadda fuskarsa ke sakewa in aka yabi garken.

"Ya faɗa miki dalili?"

"Bai faɗa ba."

"Akwai abin da kika gani da ba ki faɗa wa kowa ba?"

Ta dube shi. "Kai ne mai ido, Malam. Ni baƙuwa ce."

Ya fita da maganar a ransa.

*

Da azahar malamin dabbobi ya iso daga Jahun, ya farke cikin rago ɗaya, ya sansana, ya miƙe yana goge hannu a bakin ɗakin ajiya. Sharhabilu yana tsaye a jikin ƙofa.

"Takin zamani ne, Baba, farin nan, yuriya," in ji malamin dabbobin. "Ba sabon abu ba ne, wasu masu kiwo suna sa shi a madadin angurya don ya fi arha. Amma ɗan mitsitsi ake sawa, a cikin kwano ɗari kwano ɗaya, a gauraya sosai, kuma a bushe. In ya yi yawa, ko aka jiƙa, sai ya narke ya taru a ƙasan komi. Ƙarfafan raguna su ke ture sauran su shanye ruwan. Shi ya sa manyan suka tafi."

Wannan bai rage wa Mammadu aiki ba. Damina ce, babu gidan da babu farin taki a Kafin Baure.

Ya juya ga ɗansa ba tare da ya dube shi a ido ba. "Kai, me da me ke cikin abincin nan?"

"A kowane kwano goma, Baba, biyar dusar masara ce, uku kowar wake, biyu angurya, sai ɗan gishiri da kanwa. Dusa ke ba su ƙarfi, kowar wake ta cika ciki, angurya ita ke sa nama. Haka na lissafa wa matan tun farko, kowace ta ba da kasonta."

Mammadu ya zura hannu cikin buhu ya damƙo. Ya san angurya, tana barin maiƙo da ɗan gashin auduga a yatsu. Hannunsa ya fito kusan a bushe.

"Ina anguryar?"

"Ta yi tsada, Baba, kuɗinta ya ninka. Na ɗan rage na cike da kowar wake." Sharhabilu ya kawar da kai. "Ni dai abin da na haɗa ke nan. In an zuba wani abu a komi, sai a tambayi mai zubawa."

Mammadu bai so jin wannan daga bakin ɗansa ba, ko kaɗan.

*

Bai sha wahalar gano mai ƙusa ba, don ramin ƙusar yana nan birjik a ƙofar mai unguwa inda Iyatu ta wuni tana tsalle. Ya same ta a zauren gidanta, ya ce ta ɗaga ƙafar hagu.

Da farko ta hau borin kunya, daga baya jikinta ya yi sanyi.

"To, na jiƙa. Laifi ne? Malam Mammadu, tsakaninka da Allah, wa ya taɓa ba rago busasshiyar dusa? Tun iyaye da kakanni jiƙawa ake yi da ruwan kanwa. Ragona yana ci yana tari, na yi magana ta ce an hana ta. Na ce mugunta ce kawai. Na bari ta tafi famfo na zuba musu bokiti guda."

"Kawo sauran kanwar."

Ta kawo a murfin kwano. Ya lasa, kanwa ce zalla.

"Kin san ke kika jiƙa, kika bari aka jefe ta."

"Ruwa ai ba ya kisa," in ji Iyatu, amma muryarta ta sauka.

Gaskiyarta a nan, ruwa kaɗai ba ya kisa. Mammadu ya koma ɗakin ajiya, ya tarar ɗansa ya bar shi a buɗe ya tafi. Ya ɗebi abincin a tafin hannu ya hure dusar. Wasu fararen ƙwayoyi suka rage, mulmulallu kamar gero. Gishiri ba ya mulmulewa haka. Ya ɗora ɗaya a harshe, ya ji sanyi da ɗaci. Ya gwada buhu na biyu, na uku, duk haka. Takin ba a komi aka zuba shi ba, tun ranar haɗi yana ciki, kuma hannun da ya zuba shi bai yi awo da tsoron Allah ba. Ranar haɗi kuwa tun farkon saukar ruwa ce. An yi ruwa nawa tun daga nan, wane sawu zai rage?

*

Ya zagaya bayan ɗakin ya zauna a kan wani tudu, zuciyarsa tana faɗa masa abin da ba ya so ya ji. Ya ce mata ta yi shiru, shi ba ya aiki da zato. Makulli ana iya ara, ana iya sata. Ba zai yarda ba sai ya gani a ƙasa.

Tsakanin ɗakin ajiya da gari akwai wata saura da ba a noma ba bana, sabuwar ciyawa ta rufe ta, fara-fara irin ta ƙasar da ta gaji. Rana ta fara karkata. A nan ne idonsa ya kama wani siririn layi a cikin ciyawar, kore shar, ya fi na gefensa duhu da tsawo. Ya taso daga bayan ɗakin ya ratsa saurar, ba ta hanyar da mutane ke bi ba.

Ya miƙe ya bi. Buhu ne mai huda, an ɗauko shi a kafaɗa yana tsiyaya, ruwa ya wanke sawun mai ɗaukar amma ya shayar da abin da ya zube. Inda aka sauke buhun aka huta, takin ya taru ya ƙone ciyawar, ya bar da'ira ja. Mammadu ya bi ɓarayin shanu har cikin ƙasar Buji, ya bi wanda ya sa takalmi a juye, bai taɓa bin sawu mai sauƙin wannan ba, kuma bai taɓa bin wanda ƙafarsa ke ƙi kamar wannan ba. Layin ya wuce gindin gawo, ya bar hanyar gidan Ya Fanna a hagu, ya bar ta gidan Iyatu, ya miƙe sak. Ya ƙare a ƙaramar ƙofar bayan gidansa.

Ya shiga ɗakin da yake ajiye kayan gona. Buhun takin da ya saya don geronsa yana nan a jingine, ya faɗa fiye da rabi. Kwanaki ya lura ya ragu, ya ce tsufa ne ya sa ya manta ko ya ɗiba. Ga hudar ɓera a kusurwa, ga tsumman da shi da kansa ya ɗaure ta da shi, ya kwance yana lilo.

"Baba."

Sharhabilu ne a bakin ƙofa. Ya durƙusa.

"Wallahi ban ci kwabon kowa ba. Na yi musu lissafi, na ce ga abin da kowane rago zai ci har Sallah, suka yarda da ni. Da na je Jahun na tarar angurya ta tashi. In koma in ce su ƙaro? Wacce ta sayar da kwanonta me za ta ƙaro? Cewa za a yi ɗan Mammadu bai iya ba, ko ya ci. Na san ana sa taki. Na ga anguryar da na cire da yawa, sai na ƙara hannu. Da ba a jiƙa ba, da sun kai Sallah."

"Ka faɗa wa wani akwai taki a ciki?"

"Da na faɗa, wa zai yarda a ba ragonsa taki?"

"Kana ina aka jefe ta?"

Sharhabilu ya sunkuyar da kai.

"Kana ina, na ce."

"Ina wurin."

Daga masallaci aka kira la'asar.

"Baba, babu wanda ya ga layin nan sai kai. Kafin jibi awaki sun cinye shi. Ita tsohuwa ce, ba za su riƙe ta ba, kwana biyu su sake ta. Ni ina da matata Ruwaida, ga ciki."

Mammadu ya dubi ɗansa sosai, abin da kunya ta hana shi yi shekara da shekaru. Yana son yaron nan, so mai ciwo, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne, awaki za su cinye ciyawar. Ya ɗauki buhun ya saɓa a kafaɗa.

"Tashi mu yi salla," ya ce.

*

Motar 'yan sanda ta riga su isa ƙofar mai unguwa. An fito da Ya Fanna, jini ya bushe a gefen fuskarta. Ga Ɗan'inna, ga Iyatu ta rakuɓe a bayan mata, ga malamin dabbobi, ga duk gari.

Mammadu ya sauke buhun a gaban mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, mahauci bayan kowa ya zo, ba ruwansa. Ya Fanna a bushe ta zuba, kamar yadda aka ce mata. Wadda ta jiƙa da ruwan kanwa Iyatu ce, sawunta yana ƙarƙashin ƙwaryata, amma ba ta san abin da ke cikin dusar ba. Abin da ta sani ta ɓoye, wannan tsakaninta da Allah."

Iyatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Taron ya fara guna-guni.

"Farin taki ne ya kashe su, tun ranar haɗi aka zuba shi. Wanda ke son ganin hanyar da ya bi, ya je saurar bayan ɗakin ajiya, ciyawa ta rubuta ta. Daga gidana ta fito. Ga buhun, nawa ne."

"Malam Mammadu, me kake faɗa?" in ji mai unguwa. "Wa ya ɗauka?"

Mammadu ya dubi ɗansa. Tun ranar da liman ya raɗa sunan, harshensa bai taɓa ɗaukarsa ba.

"Sharhabilu," ya ce. "Sharhabilu ɗana."

Tsofaffin da suka san shi suka sunkuyar da kai, don sun san abin da suka ji. Mai galan ɗin fetur ya ajiye shi a bayan ƙafarsa. Sharhabilu bai yi musu ba, ya taka da kansa ya nufi motar.

"Kuɗin ragunan suna wuyana, gonata tana nan," in ji Mammadu. Sannan ya juya ga Ya Fanna. "Kin ga ƙwayoyin nan tun da can, ko?"

"Na gani, Malam. Kullum hannuna yana cikin dusar nan. Ban san kisa suke yi ba sai yau."

"Da aka taru a kanki, me ya hana ki faɗa?"

"In ce ɗan Mammadu? Ni?" Ta taɓa goshinta. "Wannan na shiru ne. Ka ƙiyasta na magana."

Babu wanda ya ba ta haƙuri a lokacin, kowa yana jiran wani ya fara. Ta gyara mayafinta ta ratsa su, ta nufi ɗakinta, suka dare mata hanya.

Motar ta tashi. Mutane suka watse, wasu suka nufi saura kallon layi, 'yan kallo ba sa tuba. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa ganye. Mammadu ya tafi bayan danga ya ɗauko ƙwaryarsa, ya dawo ƙofar mai unguwa inda motar ta tsaya. A cikin sawun dukan garin bai yi lalube ba. Ga sawun ɗansa nan, na ƙarshe kafin tayar mota, ƙafar dama mai ɗan buɗewa waje, wadda ya sani tun tana ƙanƙanuwa a tsakar gida.

Ya durƙusa ya kife ƙwaryar a kai, ya dafe ta da hannu biyu. Ruwa ya fara sauka.